Harajin kan sarki a cinikin fili: inda masu saye ke tuntuɓe

Na gaji da ganin mutum ya tara gumin shekaru ya sayi fuloti, ya biya la'adar dillali, ya sallami mai unguwa da shaidu, sannan ya ninke takardar ciniki ya jefa ƙasan akwati, wai an gama. Da sauran aiki. Takardar da ba a biya mata harajin kan sarki ba, wato kuɗin da gwamnati ke karɓa ta buga wa takardar ciniki hatimi, ranar da rigima ta kai kotu lauyan abokin shari'arka zai miƙe ya ce kada a karɓe ta, kuma doka tana bayansa, sai ka biya harajin haɗe da tarar jinkiri. Wa'adin kwana 30 ne daga ranar sa hannu. Ni a makon ciniki nake biya, tun ba a sauke bulo ko ɗaya ba.

Mutane da yawa kuma ba su san harajin nan gida biyu yake shiga ba. In ciniki tsakanin mutum da mutum ne, na hukumar harajin jiha ne, KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna. Da zarar kamfani ya shigo, ko shi ke sayarwa ko shi ke saye, kuɗin na hukumar harajin tarayya ne, wato FIRS wadda ta koma NRS daga Janairun 2026. Wanda ya kai inda ba nan ba zai sake biya, kuma kuɗin da ya faɗa asusun gwamnati, fitowarsa sai mai dogon haƙuri.

Haka filin gwamnatin tarayya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma ta ware filayen da ke hannun tarayya da hukumominta. Gidan da ke kan irin wannan fili, ko a tsakiyar Kaduna yake, amincewar ɓangaren tarayya ake nema kafin a sauya suna. A Abuja kuwa babu gwamna, sai ministan birnin da AGIS, ofishin da ke riƙe bayanan filaye. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka duba saman takardar asali ka ga wa ya bayar da ita.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne rage farashi a takarda. Wannan ya ci mana dukiya a gidanmu. Yayanmu ya saya mana fili da kuɗin gado, dillali ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Alhaji, a rubuta rabi mana, harajin ya yi sauƙi, kowa haka yake yi." Aka rubuta rabi. Daga baya wasu magada suka ɓullo suka ce ba da yawunsu aka sayar ba, alƙali ya rushe cinikin, ya ce a mayar mana da kuɗinmu. Wane kuɗi? Wanda ke rubuce, da sa hannun yayanmu da na shaidu a ƙasa. Dillalin kuwa ko wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Haba jama'a! Don gudun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ka sa hannu a kan ƙaryar da kai za ta fara ci? Ga alhakin shaidar zur da ka jawo wa bayin Allah. Ka rubuta abin da ka biya daidai, ka biya ta banki, sunan mai sayarwa ya fito a rasit.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Biyan kan sarki daban, amincewar gwamna kan sauya suna daban, rajista daban, ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Kada ka miƙa wa wani tsabar kuɗi a bakin ofis ya ce zai biya maka. Sunanka a takarda ya zo daidai da na katin ɗan ƙasa, harafi da harafi. Kuma ka je ofishin bayanan filaye na jiha, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a bincika maka fayil ɗin filin, ko an jinginar da shi a banki, tun kuɗinka suna aljihunka.