Kurakuran da malamai ke yi a guruf ɗin WhatsApp da yadda za a gyara

Kusan duk malamin da na sani a Gombe yana cikin guruf biyar ko shida, amma ka tambaye shi me ya ƙaru da shi a zangon nan, sai ya yi shiru. An buɗe guruf don malaman lissafi, kafin mako biyu ya koma na barka da Juma'a, sanarwar ɗaurin aure da gardamar siyasa. Malamar da ta tambayi yadda za ta koyar da rabawa ga 'yan aji huɗu, saƙonta ya nutse a ƙarƙashin hotuna hamsin, ba wanda ya tanka mata. A raba su: zumunci da gurufinsa, aiki da nasa. A na aikin, shugaban guruf ya saita shi yadda shi kaɗai ke iya turo saƙo, a buɗe wa kowa rana ɗaya a mako, a ɗauki darasi guda a tattauna shi har ƙarshe.

Wajen ɗalibai kuma, mukan manta wayar ba ta yaron ba ce. Ta babansa ce ko ta yayarsa, sai dare take zuwa hannunsa, ga data da tsada, ga wahalar caji. In ka tura bidiyon rabin awa ga yaro a Dukku ko Nafada, ba zai buɗe ba. Saƙon murya na minti biyu da hoton allo sun fi isa gare shi. Mai data kuwa a nuna masa Nigeria Learning Passport, dandalin karatu na intanet wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, darussansa kyauta ne.

Wanda ya fi damuna shi ne malami ya riƙa yi wa ɗaliba magana ita kaɗai da daddare. Ko da niyyarsa mai kyau ce, ya buɗe ƙofar zargi. Komai ya bi ta guruf ɗin da iyaye ke ciki. Haka ɗaukar bidiyon yaro yana kuskuren karatu a saka a TikTok don a yi dariya. Yaron nan amana ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ce sai da izinin iyaye.

“Amsoshin WAEC” ko na NECO da ke yawo lokacin jarrabawa kuwa, satar amsa ce. A goge, a ja kunnen wanda ya turo, in ya sake a fitar da shi.