Yadda ake koya wa yara tsirran fadamar gishiri ba tare da an bar Maradi ba

Yaron da ya tashi a Maradi ya san gulbi, ya san fadama, wataƙila ya taɓa zuwa tafkin Madarunfa, amma teku sai a hoto. Shi ya sa idan darasi ya zo kan tsirran da ke rayuwa cikin ruwan gishiri, hadda kawai ake yi, a manta bayan jarrabawa. Abin yana damuna, don kusan duk kayan wannan darasi suna cikin gidajenmu.

A fara da wurin. Fadamar gishiri shimfiɗaɗɗen fili ne mai laka a bakin teku, wanda ruwa ke hawowa ya rufe, ya kuma janye, galibi sau 2 a rana, musamman saboda jan da wata ke yi wa teku. A ce wa yara su tuna Gulbin Maradi da ke kawo ruwa da damina ya ƙafe da rani, sai dai can kullum ake wannan cika da janyewa. A ƙasashen sanyi ciyayi da gajerun tsirrai ne ke rufe filin. A ƙasashen zafi, kamar Neja Delta a Najeriya da bakin kogin Salum a Senegal, itatuwan mangurof, masu tsirowa cikin lakar bakin teku, sun fi yawa.

Daga nan a tumɓuko wake ɗaya da harshen saniya ɗaya, a shimfiɗa su a kan tebur. Kowane yaro ya taɓa da hannunsa ya faɗi suna: saiwa, kara, gaɓa, ganye, fure, iri. Kada a wuce sai sunayen sun zauna, don a kansu sauran bayanin zai hau.

Sai gwajin da ya fi komai muhimmanci. Litar ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35, wato kusan babban cokali 2 a shafe. A dama wannan gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa a kwano ɗaya, a zuba ruwan sha a wani. A yanka dankali siriri, a jefa yanki a kowane kwano, a bar su awa ɗaya. Na cikin ruwan sha zai fito da ƙarfinsa, in an lanƙwasa ya karye. Na cikin gishiri kuwa zai yi laushi, ya yi yaushi, ya lanƙwasu ba gardama. Dalili shi ne ruwa yana bin ɓangaren da gishiri ya fi yawa, don haka ya fice daga jikin dankalin. Haka yake yi wa saiwa. Tsiron da ba na wurin ba ƙishirwa ce ke kashe shi alhali yana tsaye cikin ruwa. Idan yara suka gane wannan, da kansu za su tambaya: "To Malam, su na can yaya suke yi?"

Dabarunsu ba ɗaya ba ne. Wasu, kamar jan mangurof, tun daga saiwa suke tare yawancin gishirin. Wasu suna barinsa ya shiga, sannan su fitar da shi ta ganye, har a ga farin gishiri ya bushe a kai. Wasu kuma, irin salikoniya mai kara gaɓa-gaɓa, suna tara ruwa a jiki don su tsarma gishirin. A nan ne harshen saniya zai yi aiki: a matse ganyensa mai kauri tsakanin yatsu, a ga ruwan da ke fita, a kwatanta da ganyen wake.

Akwai matsala ta biyu da ake yawan tsallakewa: lakar da ruwa ya jiƙe ba ta da iska, saiwa kuwa tana numfashi. Shi ya sa lakar ke baƙi, wani lokaci da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu itatuwan mangurof suna turo saiwoyi masu tsini sama da laka su shaƙi iska, ciyayin kuma suna da hanyoyin iska a cikin jikinsu. A samo karan bado, a yanke, a nuna wa yara ramukan ciki, a tsoma gefe ɗaya cikin ruwa, yaro ya hura ta ɗayan. Kumfa zai fito.

A ƙarshe a fita da su lambu. Inda ake ban ruwa da rani, rana tana ƙafar da ruwan ta bar gishiri, har wani wuri ya yi farin ɓawo. Albasa ba ta jure haka, dabino kuwa yana jurewa, ga shi nan a Bilma garin gishiri. A sa kowane yaro ya ɗebo ƙasa daga wuri mai farin da kuma wuri marar shi, ya dama kowacce da ruwa, ya tace da ƙyalle, ya zuba a faranti daban, ya shanya a rana. Idan sun bushe, su kawo aji a gwada wanne ya fi barin fari.