Kurakuran masu sayen tsoffin sulallan Rumawa da ba a wanke ba

A kasuwannin intanet irin su eBay za ka ga hoton tulin sulalla baƙi ƙirin, ƙasa ta daskare a jikinsu, an rubuta wai yanzu aka tono su, ba wanda ya taɓa dubawa. Ana sayar da su goma-goma ko hamsin-hamsin, wani lokaci ma a kan awon kilo. Galibinsu na gaske ne, kuma sun haura shekara 1,600. To amma riba fa? Idan ribar kuɗi kake nema, babu ita. Idan kuwa abin yi kake so da hanyar koyon tarihi da hannunka, akwai, muddin ka kauce wa ramukan da sababbin shiga ke faɗawa.

Babban kuskure, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne zaton cewa ƙasar nan tana ɓoye da dukiya. Ka tuna hannayen da sulen ya bi kafin ya iso gare ka: wanda ya tono shi da na'urar gano ƙarfe a gonakin Bulgeriya ko Sabiya, dillalin ƙauye, babban dillali, sannan mai shagon intanet. Kowannensu ya fi ka ido. Kamar dilar gwanjo ce da aka riga aka kwance aka zaɓe na gari, aka sake ɗaurewa aka ce maka sabuwar buɗewa ce. Zinariya ba ta tsatsa, ko ta shekara dubu biyu a ƙasa tana fitowa da hasken ta. Azurfa kan yi duhu, amma nauyinta da launinta ba sa ɓuya ga wanda sana'arsa ke nan. Saboda haka duk tallar da ta ce "an sha samun zinariya a cikin kayanmu" ka wuce ta. Wasu ma da gangan suke jefa ƙaramar azurfa guda ɗaya da ta side a cikin tulin, don mai saye ya yi murna ya dawo.

Abin da za ka samu a zahiri ƙananan sulallan tagulla ne na ƙarni na 4 bayan haihuwar Annabi Isa (AS): na Sarki Konstantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337, da na ɗansa Konstantiyus na Biyu da ya rasu a 361, da na Balentiniyan da ɗan'uwansa Balens waɗanda suka hau mulki a 364. Yawancinsu faɗinsu bai kai milimita 20 ba. A zamanin nan darajar kuɗin Rum ta faɗi warwas, gidajen buga kuɗi suna ta zubo su ba ƙaƙƙautawa don biyan sojoji. Shi ya sa suke da yawa har yau. A 2010 an tono tukunya guda kusa da garin Frome a Ingila ɗauke da sulallan Rumawa 52,503, kuma wannan wuri ɗaya ne kawai. Tsufa shi kaɗai ba ya sa abu tsada. Ƙaranci da kyawun yanayi ke sawa.

Daga nan sai kuskuren lissafi. Mu ce ka sayi guda 50 a kan dala 2 kowanne. Ba dala 100 kaɗai ka kashe ba, akwai kuɗin aikowa, ga canjin dala da ba ya tsayawa wuri ɗaya. A cikin hamsin ɗin wasu sun side ƙwal, ba fuska ba rubutu, wasu sun gutsure, wasu tsatsa ta cinye su har ciki. Raba abin da ka kashe da adadin waɗanda suka karantu kaɗai, shi ne ainihin farashin kowane sule. Sau da yawa za ka tarar da wannan kuɗin zai saya maka irinsa wankakke, wanda aka riga aka tantance sunan sarkinsa, daga hannun dillali. Gyaran mai sauƙi ne: fara da goma, ba ɗari ba. Nemi hoton ainihin waɗanda za a aiko maka, ba hoton "misali" ba. Kuma kafin komai, sayi wankakke guda ɗaya ko biyu ka riƙe a hannu, ka san yadda abin da kake nema yake.

Inda aka fi yin ɓarna kuwa wajen wanki ne. Hannunmu ya saba da goge tukunya da toka, da lemun tsami, da soson ƙarfe, har sai ta yi ƙyalli. Yi wa sulen Rumawa haka, ka kashe shi. Tagullar da ta daɗe a ƙasa tana yin wata fata mai santsi, kore ko ruwan ƙasa ko baƙa, kuma wannan fatar ba datti ba ce. Saman ƙarfen ne ya rikiɗe a hankali, sau da yawa gashin sarkin da haruffan suna zaune ne a cikinta. Idan ruwan tsami ya cinye ta, abin da zai rage jan ƙarfe ne mai ramuka-ramuka kamar an yi masa zanzana, kuma babu mai sayensa da daraja. Haka ruwan kal, haka lemun kwalba, haka dabarar nan ta jona wa sule wutar batir a cikin ruwan gishiri wadda ake ta yaɗawa a bidiyo. Tana cire ƙasa cikin mintuna, gaskiya ne, amma tana tafiya da fatar gaba ɗaya. Wasu sulallan ma tun bayan gyaran kuɗin da Sarki Diyokletiyan ya yi a 294 an shafa musu azurfa siririya a sama, wadda buroshin ƙarfe ke sharewa a goga ɗaya.

Hanyar da ta dace tana cin lokaci. A jiƙa su a tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota (ruwan zalla, a tabbatar ba mai asid ba ne), ana canza shi bayan 'yan kwanaki. Ruwan famfo ba ya yi saboda sinadarin kulorin da ke cikinsa. Duk sanda aka canza ruwa sai a goga da buroshin haƙori mai laushi, a bi gefen haruffa da tsinken sakace a ƙarƙashin gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ana ture ƙasar kaɗan-kaɗan. Wasu na jiƙawa a man zaitun. Yana aiki, sai dai yakan ɗauki watanni, yana sa sulen duhu, kuma cire maiƙon daga baya wani aiki ne. Wani sulen sati biyu ya ishe shi, wani sai ya shekara. Sanin lokacin dakatawa ma fasaha ce: idan sunan sarki ya karantu, hoton baya ya fito, bar shi haka. 'Yar ƙasar da ta rage a tsakanin haruffa takan ƙara fito da rubutun ne ma.

Akwai kore iri biyu, kuma rashin bambance su yana jawo asara. Mai tauri da santsi shi ne fatar da muka ce a bari. Amma idan ka ga wani kore mai haske, mai laushi kamar gari, yana fita idan ka taɓa shi da tsinke, wannan cutar tagulla ce. Gishirin da ya shiga jikin ƙarfen ne ke haɗuwa da danshin iska yana cin sa, kuma ba ya tsayawa da kansa. Da damina abin ya fi sauri. Ware sulen daga sauran, kankare garin tas, jiƙa shi a tataccen ruwa na makonni kana canzawa, sannan ka busar da shi sosai. Kada ka shafa masa kakin kariya kafin ka tabbatar cutar ta mutu, in ba haka ba ka rufe ta ne a ciki. Ajiya kuma a ƙaramar ambulan ta takarda a wuri busasshe, ba a leda mai laushi ba.

Wasu kuma sai su wanke su zuba a gwangwani ba tare da sun karanta ba, alhali nan daɗin yake. Juya bayan sulen ka dubi ƙasan hoton: haruffan da ke wurin suna nuna garin da aka buga shi. SIS na nufin Siskiya, garin Sisak na ƙasar Kuroshiya a yau. CONS Kustantiniyya ce, wato Istanbul. ALE kuwa Iskandariyya ce ta Masar. Idan ka ga soja yana sukar mahayin da dokinsa ya faɗi, da rubutun FEL TEMP REPARATIO, samfurin da aka fara bugawa a 348 ne, kuma da wuya tuli ya rasa shi. Sojoji biyu tsaye da tuta a tsakaninsu, da GLORIA EXERCITVS, na shekarun 330 ne. Rumbun bayanan sulallan sarakunan Rum mai suna OCRE da ke intanet kyauta ne, za ka iya gwada naka da hotunan da ke ciki. Rubuta abin da ka gano a jikin ambulan: sarki, gari, faɗi, nauyi, da wanda ya sayar maka.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin tambayar daga ina kayan suka fito ita ce mutane suka fi tsallakewa. Da yawa daga cikin tulin nan an haƙo su ne ba bisa ƙa'ida ba. Tsohon birnin Rumawa na Ratiyariya da ke bakin kogin Danube a Bulgeriya, masu haƙar sata sun mayar da shi ramuka. Dokar ƙasar ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba izini, kuma tun 2014 Amurka ta sanya takunkumin shigo da kayan tarihin Bulgeriya, har da wasu nau'o'in sulalla. A Ingila tsarin daban ne: dokar 1996 ta wajabta kai rahoton abin da ya kai matsayin taska, sauran kuma ana iya rajistarsu a sayar a fili. Saboda haka tambayi mai sayarwa ƙasar da kayan suka fito da takardar da ke tare da su, kuma ka adana rasit. Idan ya fara kame-kame, nemi wani dillalin.