Shawara Ga Masu Niyyar Ziyartar Kribi

'Yan'uwa masu shirin zuwa Kribi, garin da ke bakin Tekun Atilantika a kudancin Kamaru, ina ba ku shawara ku tsara tafiyarku tsakanin Disamba da Fabrairu, domin a watannin Satumba da Oktoba ruwan sama ba ya barin baƙo ya sake. Ku riƙe katin rigakafin cutar shawara, saboda ana neman sa wajen shiga ƙasar.

Wurin da ya fi cancantar lokacinku shi ne inda kogin Lobe yake kwararowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, kimanin kilomita 7 kudu da gari. Ku je da sassafe, ku gama ciniki da mai kwalekwale kafin ku sa ƙafa a ciki, kuma ku nemi rigar kariya, musamman idan kuna tare da yara. Ina jaddada wannan ne domin igiyar teku tana janye mutum ko da ya iya iyo a kogi.

Da rana ku leƙa matsayar masunta, ku zaɓi ɗanyen kifi ko jatan lande da kanku, a gasa muku a kan gawayi nan take.