Yadda zaka hada jirgin yakin dare na 1918 da kwali da tsinken tsire

Yaran zango sun iya motar gwangwani, to a gwada jirgi kuma. Wanda nake nufi shi ne Handley Page O/400 na Ingila, mai fikafikai hawa biyu da ake tashi da shi cikin dare a yakin duniya na farko saboda katon jirgi ne ga rashin gudu, in ya fito da rana kananan jirage su cinye shi.

Kaya ba tsada: kwali mai kauri, tsinken tsire, zare baki, gam, reza, rula da tsohon silifas. Duk akwai a kasuwar Kejetia ta Kumasi, tsinke kuwa ka roki mai tsire a unguwar Aboabo.

Awo shine komai. Fikafikin sama na ainihin jirgin kafa 100 ne, wajen mita 30, namu zai kasance kashi daya cikin 72 na girman shi, in ka raba da 72 sai ka yanka santimita 42. Na kasa ka yi shi 30, gangar jiki 27. Kar ka daidaita na sama da na kasa dan Allah, wannan rashin daidaiton shine kamannin shi. Jikin kamar dogon akwati ne mai kusurwa hudu, yana tsukewa ta baya.

Inda aikin yake shine tsakanin fikafikan. Ka yanka tsinke tsayi daya cif, ka huda na kasa ka kafa su bibbiyu, gaba da baya, ka bari gam ya bushe sarai kafin ka dora na sama, in ka yi gaggawa zai karkace kuma ba ya gyaruwa sai dai ka sake. Sannan ka ja zare gicciye tsakanin sandunan, shine madadin wayoyin da ke rike jirgin.

Inji biyu ne, Rolls-Royce Eagle, ka nade kwali ka makala tsakanin fikafikan, daya dama daya hagu. Farfela mai kunne hudu a gaba, in ka sa ta a baya kuma ka koma Gotha na Jamus, wanda ya rika jefa bam a Landan a 1917. Wutsiya ma hawa biyu ce. Taya hudu, daga silifas.

Fenti kore mai duhu, mara kyalli. Da damina ka rataye shi da zare a daki, sanyin Kumasi na lankwasa kwali in ya zauna a kasa.