Kurakuran da ke jawo ciwon kwankwaso idan jiki ya yi tangal-tangal

Idan ɗan Adaidaita Sahu ya taka birki ba shiri, ko ƙafa ta zame a santsin tayil, kafin hannu ya kai ga kama wani abu tsokokin ciki da na gadon baya sun riga sun ɗaure. Akwai wata tsoka can ƙarƙashin sauran da ta zagaye ciki kamar ɗamara, ga kuma ƙanana da ke manne da ƙasusuwan kwankwaso guda 5. Su ne ke matse ciki, ƙashin baya ya tsaya da kyau.

Babban kuskuren matasa shi ne ɗauka cewa girman tsoka ne ke wannan aikin. Sai ka ga yaro a gidan motsa jiki yana ta kwanciya yana tasowa don cikinsa ya yi layi-layi. Wannan ado ne. Abin da ake bukata shi ne tsokar ta kama a kan lokaci. A 1996, Paul Hodges da Carolyn Richardson na Jami'ar Queensland a Ostireliya sun nuna cewa a jikin mai lafiya, tsokar nan ta ciki tana ɗaurewa tun kafin hannu ya motsa, amma a jikin mai ciwon baya takan makara. Gyaran ba wuya: ka durƙusa bisa gwiwoyi da tafukan hannu, ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu, ka riƙe daƙiƙa 10 kana numfashi, sannan ka sauya. Kada ka riƙe numfashi, kada kuma ka zuƙe ciki. Ɗaure shi za ka yi kaɗan, kamar wani zai kai maka duka.

Kuskure na biyu ya fi shafar 'yan dako, irin na kasuwannin Dawanau da Singa a Kano: ɗaga buhu ba tare da an taɓa an ji nauyinsa ba. Ƙwaƙwalwa tana shirya tsoka ne daidai da nauyin da take tsammani. In buhun ya fi haka, ko abokin kamu ya saki ɓangarensa ba sanarwa, sai bayan ya sha fizga. A fara girgiza kayan tukuna, masu kamu kuma su ƙirga tare. Da yamma an gaji, tsoka ba ta da saurin da take da shi da safe, to a rage lodi.

Danna waya a cikin Adaidaita ma yana cikin kurakuran. Idon da ke kallon titi ne ke sanar da jiki cewa ga rami nan tafe.

Sai masu kwanciya mako guda cur saboda baya ya riƙe. Doguwar kwanciya sanyaya tsoka take yi, gara a riƙa 'yar tafiya a hankali. Amma in ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya fara ƙwacewa, wannan ba na man zafi ba ne. A nufi asibiti a ranar, ko Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.