Yadda manajan manhaja zai ja ragamar mutanen da ba shi ke biyan su albashi ba

A ofisoshin Duwala da Yawunde a Kamaru ana kiransa chef de produit: mutumin da aka ɗora wa alhakin manhaja ko wata hidimar waya, tun tana tunani har ta shiga hannun jama'a. Nauyi a kansa yake, amma sanda ba ta hannunsa. Injiniyoyi suna da shugabansu, masu talla suna da nasu, kuɗi kuma yana wajen akanta da maigida. Na yi shekaru ina wannan aiki a Garwa, a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa 'yan kasuwa manhajar rubuta ciniki da bashi, kuma a can na koyi abin da zan faɗa.

Kakanninmu fatake sun san irin wannan jagoranci. Madugu ba shi ke da goron ba, ba shi ke da jakunan ba, amma ayari na bin sa don ya san inda ruwa yake, ya san zangon da za a kwana lafiya, ya san yadda ake magana da masu ƙasa a biya kuɗin fito a wuce. Sanin hanya ne ke sa a bi shi. Kai ma da shi za ka fara.

Mataki na farko: ka fi kowa a ofis sanin mai amfani da abin

Manhajarmu ta farko da Faransanci muka yi ta, kuma sai da babbar waya da data take aiki. Na ɗauke ta na je wajen wani dattijo mai sayar da hatsi a babbar kasuwa. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, ga abin da muka yi, a gwada mana." Ya juya wayar, ya kira yaron shagonsa ya karanta masa. Yaron bai kai ƙarshen shafi ba dattijon ya karɓe ta, ya miƙo min, ya ce, "Ɗana, wanda na ba buhun dawa bashi, tsakanina da shi ne. Ba na so yaro ya san sunansa." Sai ya zaro ƙaramar wayarsa mai maɓallai, ya danna *126# ba tare da ya duba ba, ya tura wa wani kuɗi ta MTN.

Mun yi wata huɗu muna gardama a ofis kan launi da tsarin shafi, babu wanda ya taɓa kawo maganar sirri. Ranar na gane abin da muke sayarwa shi ne rufin asiri tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi. Da na koma da wannan labari, gardamar ta mutu da kanta.

Saboda haka ka ware rana ɗaya a mako ta kasuwa. Kada ka tambayi mutum ko zai so abinka, domin kara za ta sa ya ce madalla ko da ba zai sake taɓa shi ba. Ce masa, "Nuna min yadda ka rubuta bashin jiya." Ka zauna ka yi kallo. Ka riƙa tafiya da injiniya ɗaya, don abin da ya gani da idonsa ba sai ka roƙe shi ya gyara ba. Kuma ka kula da harshe: a Marwa da Ngaundare in babu Fulatanci rabin magana za ta wuce ka, a Kusiri kuwa Larabcin Shuwa ne a gaba. In ka tsallake gadar Ngeli ka shiga Njamena a Chadi, kuɗin sefa iri ɗaya ne, amma Airtel Money da Moov Money ne a hannun mutane, ba MTN da Orange ba.

Mataki na biyu: ka gama shawara kafin a shiga taro

A wajenmu babba ba ya son ya janye magana a gaban yara, ƙaramin ma'aikaci kuma ba zai musa wa na gaba da shi a bainar jama'a ba. In ka kawo sabuwar shawara karo na farko a ɗakin taro, ko dai a yi shiru ko a kafe. Ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya tun kafin ranar, wani a teburinsa, wani wajen mai shayi bayan la'asar. Tambayarka ita ce, "Ina wannan zai cije mu?" Abin da ya faɗa ka saka shi cikin shawarar, kuma a taro ka ambaci sunansa a kai. Wanda ya ga hannunsa a cikin abu shi zai tsaya ya kare shi.

Mataki na uku: kowa da yarensa

Injiniya ka kai masa matsala, kada ka kai masa magani. "Alhaji ba ya so yaronsa ya ga sunayen masu bashi" ya fi "sa min maɓalli a nan" nesa ba kusa ba. Wani matashi a cikinmu ne ya kawo dabarar a riƙa ajiye suna da murya, a kulle da lambar sirri, kuma ta fi wadda na zo da ita.

Akanta kuwa lamba yake ji. A watan Janairun 2022 gwamnatin Kamaru ta fara karɓar harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cire kuɗi ta waya. A lissafin wancan lokaci, a sefa 100,000, sefa 200 ke nan wajen turawa, wata 200 wajen cirewa, ban da ladan kamfanin waya. In shawararka ta shafi biyan kuɗi, ka shiga wajensa da wannan lissafi a rubuce, ka nuna wa zai ɗauki nauyinsa, mu ko ɗan kasuwa. Maigida shi kuma abu uku yake jira: nawa za a kashe, yaushe za a gama, me zai taɓa sunan kamfani.

Mataki na huɗu: ka iya cewa a'a

Nan ne da yawa ke faɗuwa, kuma ni ma na daɗe kafin na iya. Maigida zai dawo daga Duwala da abin da ya gani a wayar abokinsa, ya ce a yi irinsa kafin ƙarshen wata. Mafi muni shi ne ka ce "to, za a duba" alhali ka san ba za a yi ba. Sau biyu ka yi haka, maganarka ta zube a wajensa, injiniyoyi kuma sun gane iska ce ke juya ka.

Abin da ya yi min aiki shi ne allo a bango, ɗauke da ayyukan mako biyu masu zuwa, an jera su bisa muhimmanci. Sai in ce, "Ranka ya daɗe, za a iya. Amma mutum uku gare mu. In wannan ya shiga, gyaran da masu albasa na Marwa ke jira zai koma wata mai zuwa, ga shi kakarsu ta zo. Wanne za mu sa a gaba?" Ba ka ƙi shi ba, ba ka kunyata shi ba, ka dai nuna masa farashin. Sau da yawa shi da kansa zai ce a bari. In kuma ya zaɓi nasa bayan ya ji komai, ka yi aikin da zuciya ɗaya, ba tare da gunaguni a bayan ido ba.

Mataki na biyar: ka rubuta abin da aka yanke

Layi uku a zauren WhatsApp na ma'aikata sun isa: me aka yanke, saboda me, wa zai yi. Ka tura kafin kowa ya tashi daga aiki.

Mataki na shida: laifi naka, yabo nasu

Akwai ranar da muka saki sabon gyara, sabis ya yanke a tsakiyar ciniki, rubutun yini guda na wasu 'yan kasuwa ya ɓace. Maigida ya tambaya wa ya yi kuskuren. Na ce ni na amince a saki abin ba a gwada shi a inda sabis ke da rauni ba, don haka ni za a tambaya. Washegari na bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya na ba da haƙuri, muka zauna da littattafansu na takarda muka mayar da abin da ya ɓace. Injiniyan da hannunsa ya taɓa wajen bai ce min komai ba, amma ya kwana biyu yana gyara har manhajar ta koma ajiye rubutu a cikin waya, sai sabis ya dawo ta tura. Da aka zo taron wata, sunansa na kira a gaban maigida. Tun daga lokacin ba ma sakin gyara ranar Juma'a ko jajiberin Sallah, kuma kowane gyara sai an kai shi wani ƙauye a hanyar Lagdo an gwada shi a tsohuwar waya tukuna.